Shekara Bakwai Ina Jiran Haihuwa: Shin Kukana Yana Zubar Mini da Ladan Haƙuri?

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Shekaruna 31, kuma bana shekarata bakwai a ɗakin mijina ban taɓa ko ɓatan wata ba. Ina tashi cikin dare, ina sadaka, na sha rubutu da sassaƙe har ban san adadinsu ba. Ƙanwata da aka yi wa aure bayana tana goyon na uku. Surukata ta fara yi wa mijina maganar ƙarin aure a gabana, facalolina kuma ba sa rasa habaici. Duk wata idan na ga jini sai in kulle ɗaki in yi kuka, bayan nan kuma tsoro ya kama ni ko kukan ya zubar mini da ladan haƙurina. Sau ɗaya na je asibiti ni kaɗai, aka ce sai na zo da mijina, shi kuwa ya ce haihuwa ta Allah ce, zuwa asibiti rashin tawakkali ne. Yanzu wata ƙawata tana matsa mini mu je wurin wani mai duba da ake cewa aikinsa kamar yankan wuƙa. Na gaji, Hajiya. Yaya ake yin haƙurin da ba a san ranar ƙarewarsa ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki ladan wannan jarrabawa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duka biyun a wuri ɗaya na tsaya, wato inda kika ce kina kulle ɗaki ki yi kuka, sannan ki koma kina tuhumar kanki a kan kukan. Nauyi biyu kike ɗauke da su ke nan, alhali ɗaya kawai aka ɗora miki, don haka da na biyun zan fara, domin shi ne wanda za ki iya saukewa tun yau.

Kukanki bai taɓa haƙurinki ba. Annabi Yakubu, alaihis salam, shi ne wanda ya furta kalmar haƙuri mai kyau har sau biyu a cikin Suratu Yusuf, ranar da aka kawo masa rigar ɗansa da jinin ƙarya da kuma ranar da aka dawo masa babu ƙanin Yusuf, amma wannan surar ce dai ta gaya mana cewa idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Da 'ya'yansa suka ce masa ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya halaka kansa, bai musa cewa yana cikin baƙin ciki ba, abin da ya ce shi ne yana kai kukansa da damuwarsa ga Allah ne kaɗai. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye a lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangiji. To, ga ma'aunin nan a hannunki. Abin da ake duba wa shi ne abin da harshe ya furta da abin da zuciya ta ƙudurce game da Allah. Matar da ta ga jini bayan ta yi kwana biyu tana lissafi da fata, ta zauna bakin gado ta yi kuka, sannan ta share fuska ta ce Allah kai ka san halin da nake ciki, wannan mata mai haƙuri ce cikakkiya. Ko tambayar nan ta "sai yaushe?" da take zuwa miki, Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, aya ta 214, cewa an girgiza mutanen farko har manzo da muminan da suke tare da shi suka ce yaushe ne taimakon Allah zai zo. Idan tsanani ya kai waɗannan bayin Allah ga wannan tambaya, ke wace ce da za ki hukunta kanki a kanta?

Yanzu kuma maganar da ta fi wuya, wadda na daɗe ina juya ta kafin in rubuta. Ba zan ce miki lallai za ki haihu ba. Na san mutane da yawa sun faɗa miki haka don su kwantar miki da hankali, kuma da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma babu wanda aka ba wa wannan sani. A Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya kasa mutane kashi huɗu a kan wannan al'amari: wanda ya ba 'ya'ya mata, wanda ya ba maza, wanda ya haɗa wa maza da mata, da wanda ya bar shi babu haihuwa, sannan ya rufe da cewa shi masani ne, mai iko. Babu inda ya ce kashi na huɗu laifi suka yi, ko addu'arsu ce ta gaza. Ana yawan ba mai jiran haihuwa labarin Annabi Zakariyya da na Annabi Ibrahim da matarsa Saratu, waɗanda aka yi wa bushara bayan tsufa, kuma gaskiya ne, labarin naki ne, ki riƙe shi. Sai dai a gefensa ina so ki ajiye labarin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wadda ta zauna a ɗakin mafificin halitta, wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, amma ba ta haihu ba. Alkunyar da ake kiranta da ita, Ummu Abdullahi, ta samo ta ne daga ɗan 'yar'uwarta Asma'u, wato Abdullahi ɗan Zubairu. Cikin dukkan matan Annabi da kuyanginsa, Nana Khadija da Mariya ne kawai suka haifa masa 'ya'ya. Duk wanda yake yi miki gori da rashin haihuwa, ya sani bakinsa yana wucewa ta kusa da iyayen muminai.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan shi ne, haƙurin da aka gina a kan cewa badi war haka an yi suna, ciniki ne mai wa'adi, kuma duk lokacin da wa'adin ya cika babu kaya sai ginin ya tsage. Ina ganin wannan ne asalin gajiyarki. Shekara bakwai kina sa wa kanki rana: bayan azumi, bayan wannan maganin, bayan an dawo daga Hajji da ruwan Zamzam, kuma kowace rana ta zo ta wuce sai ki ji kamar an saɓa miki alkawari. Alkawarin da Allah ya yi kuwa shi ne yana ji kuma yana amsawa, bai ɗaure kansa da lokacin da muka zaɓa ko siffar da muka zana ba. Ya zo a hadisi cewa duk musulmin da ya yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta, za a ba shi ɗayan abu uku: ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a tanadar masa a lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinta. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa ana amsa wa bawa matuƙar bai yi gaggawa ba, wato bai ce na roƙa na roƙa ba a amsa mini ba. Ki dubi yadda Annabi Zakariyya ya yi roƙonsa a farkon Suratu Maryam. Ya kira Ubangijinsa a asirce, ya lissafa rauninsa ɗaya bayan ɗaya, ƙashi ya yi rauni, kai ya cika da furfura, mata ba ta haihuwa, amma a tsakiyar wannan lissafi ya ce bai taɓa taɓewa ba a roƙon Ubangijinsa. Mutumin da ya kai tsufa bai ga ɗa ba shi ne yake faɗin haka. Ki lazimci addu'arsa da take Suratul Anbiya, aya ta 89, Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin, kuma ki lura da yadda ta ƙare: ya roƙi kada a bar shi shi kaɗai, sannan ya shaida cewa Allah ne mafi alherin magada, tun kafin ya san amsar da za a ba shi.

Sai batun maigidanki. Ina girmama shi, kuma rabin maganarsa gaskiya ce, haihuwa ta Allah ce. Amma damina ma ta Allah ce, ban kuma taɓa ganin manomin da ya bar iri a rumbu ya ce tawakkali yake yi ba. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, amsar da aka ba shi ita ce ya ɗaure ta sannan ya dogara. Nana Hajara, da aka bar ta da jariri a kwarin da babu shuka, ita ce ta ce tunda Allah ne ya yi umarni ba zai tozartar da su ba, kuma ita ce dai ta yi ta kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai tana neman ruwa, kai da komon da alhazai suke maimaitawa har yau. Nana Maryamu tana cikin naƙuda aka ce ta girgiza kututturen dabino, alhali wanda ya halicci dabinon yana da ikon zubo mata da shi ba tare da ta motsa ba. Neman magani sunna ce, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Zan faɗa miki abin da nake zato, ko da yake ban san zuciyarsa ba. Maza da yawa ba tawakkali ne yake hana su zuwa asibiti ba, tsoro ne, domin al'adarmu ta ɗora laifin rashin haihuwa a kan mace kaɗai har namiji yana ganin gwaji a matsayin tuhuma ga mazantakarsa. Ilimin likita bai goyi bayan wannan al'ada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, binciken likitoci kuma ya nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala daga ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar ƙwayoyin maniyyinsa daban. Mutum yana iya zama lafiyayye sarai a mu'amalar aure amma ƙwayoyin su yi ƙaranci ko rauni, sanadiyyar ciwon sanyin da ba a magance shi da kyau ba, ko hangum da ya kama shi bayan balaga, ko kumburin jijiyoyin maraina, kuma wasu daga cikin waɗannan ana iya gyara su. Gwajin nasa shi ne mafi sauƙi da araha a cikin dukkan gwaje-gwajen, babu allura babu ciwo, ana buƙatar kawai ya ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7 kafin ya bayar da abin gwajin. Shi ya sa likitan ya ce ki zo da shi. Babu hikima a yi ta wahalar da mace da bincike mai zafi da tsada alhali ba a duba mai sauƙin ba.

Kada ki tunkare shi da wannan magana ranar da kika ga jini, ko bayan surukarki ta faɗi wata magana, domin a irin wannan lokaci duk abin da ya fito daga bakinki zai yi kama da zargi. Ki zaɓi daren da hankalinsa yake kwance, ki ce masa kina so ya raka ki, domin ba a kula ki idan ke kaɗai ce, kuma ki yi masa alkawari, ki kuma cika, cewa duk abin da sakamakon ya nuna, nasa ko naki, zai tsaya tsakanin ku biyu da likita. Idan ya ƙi, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, malaminsa ko yayansa ko kawunsa mai riƙon sirri, ya yi masa magana a matsayin nasiha. Kada ki tara masa jama'a.

A naki ɓangaren, likitan mata zai tambaye ki yadda al'adarki take zuwa, ya duba ko kina fitar da ƙwai kowane wata, ya yi hoton mahaifa don ganin ko akwai ƙari, ya auna wasu sinadaran jini, sannan akwai wani hoto da ake yi bayan an gama al'ada don a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, tunda ciwon sanyin da ya daɗe yana iya toshe su ba tare da mace ta sani ba. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da sashen mata inda ake wannan bincike. A ƙa'idar likitoci, shekara ɗaya ta zaman aure babu ciki ta isa a fara bincike, idan mace ta haura 35 kuma wata shida ne, domin daga nan damar ɗaukar ciki takan fara raguwa sosai. Ke kina da 31, akwai sauran lokaci a gabanki, amma ba lokacin da za a bari ya zube a banza ba ne. Tun yanzu ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Ƙwai yakan fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, yana rayuwa kamar kwana ɗaya kawai, maniyyi kuma yana iya kaiwa kwana 5 a jikin mace, don haka idan maigida matafiyi ne, wani lokaci saɓanin ranaku kaɗai yana iya jawo jinkiri. Idan bincike ya kai ga dashen ƙwai, wanda ake kira IVF kuma aka fara haihuwa ta hanyarsa a Ingila a 1978, ki sani Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta shi idan akwai buƙata, da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma a mahaifarta za a dasa. Yana da tsada ƙwarai, kuma ba kowane gwaji ne yake kamawa ba, don haka kada ku sayar da abin da kuka dogara da shi kafin ku fahimci bayanin likita da kyau.

Sassaƙen da ba ki san abin da ke cikinsa ba ki dakata da shi, musamman duk wani abin matsi, domin wasunsu suna ƙona gaba ko su jawo ciwon da zai toshe hanyar da ake nema a buɗe. Mai duba kuwa, kada ƙafarki ta taka ƙofarsa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har dare arba'in. Kuma kusan kullum abin da irin waɗannan mutane suke faɗa ɗaya ne, wai an ɗaure miki mahaifa, wai wata ta kusa da ke ce, sai ki koma gida babu kuɗinki, babu ciki, ga gaba da 'yan'uwan da za ki ci gaba da zama da su.

Game da surukarki, ki ci gaba da kyautata mata, ita ma jika take jira, ko da yake yin maganar a gabanki bai dace ba, kuma haƙƙinki ne ki roƙi maigidanki ya nemi a daina. Ƙarin aure kuwa ba zan yaudare ki ba, yana iya faruwa, kuma zai yi ciwo. Abin da zan ce kawai shi ne, adalci gare ki da ita wadda za a auro shi ne ya san lafiyarsa tukuna.

Akwai gwaggona, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Ina yarinya nakan ga idan ta buɗe adakarta, can ƙasa akwai wani sabon majanyi saƙi a naɗe, yana ƙamshin turaren wuta, wanda mahaifiyarta ta sa mata cikin kayan aure. Ba ta bari kowa ya taɓa shi. Shekaru masu yawa yana nan, har wata rana matar ƙaninta ta rasu wajen haihuwa ta bar jariri, aka rasa wanda zai ɗauka. Da idona na ga Gwaggo ta durƙusa gaban adakar nan ta ciro majanyin, ta warware shi, ninkin ya yi masa layi saboda daɗewa, ta goya yaron a tsakar gida tana hawaye ba ta ce wa kowa komai ba. Ta raine shi yana amsa sunan mahaifinsa, kamar yadda Suratul Ahzab ta yi umarni, kuma bayansa ta riƙe wasu uku. Ban kawo wannan don in ce ɗan riƙo yana share son haihuwa ba. Har ta tsufa, idan an yi guɗar haihuwa a maƙwabta, nakan ga ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta tashi ta ɗauki mayafi ta tafi barka. Abin da na koya daga gare ta shi ne ba ta jingine rayuwarta a bakin ƙofa tana jiran haihuwa ta zo ta ba ta izinin farawa ba. Tana sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana koyar da 'yan matan unguwa karatu bayan la'asar, gidanta kuma ba ya rabo da yara.

Ina jin tsoron kada shekara bakwai ɗin nan su zama kin ajiye komai sai an haihu. Idan akwai karatun da kika bari, na islamiyya ko na boko, ki koma. Idan akwai sana'ar da kike sha'awa, ki fara. Ranar sunan da kika ji zuciyarki ba za ta ɗauka ba, ki aika da barka da ɗan abin da ya sawwaƙa, ki je daga baya idan taro ya watse, babu laifi a kanki. Ki nemi mace ɗaya mai hankali da amana wadda za ki riƙa buɗe wa cikinki, domin kukan da ake yi a bayan ƙyaure kullum yana cin jiki, kuma idan kika ga barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki, ko kin daina jin daɗin komai na makonni, ki gaya wa likita wannan ma, domin ciwon damuwa ciwo ne da ake magancewa.

A makon nan abu biyu nake so ki yi: ki buɗe littafin lissafin kwanakinki, kuma ki zaɓi daren da za ki yi wa maigida magana. Ƙawarki ki gode mata ki ce ba za ki je ba. Idan kun dawo daga asibiti, ko kuma ya ƙi zuwa, ki sake rubuto mini mu duba mataki na gaba tare. Allah ya ba ku zuriya mai albarka, ya sanyaya miki zuciya kafin zuwanta.